Sha'aibu Mai Siraj da Motar Mai Yara

Damanar bana ta cika shekara tara da muka kai ƙanena Sha'aibu makwancinsa. Ni ne babba, kuma bisa lissafin ɗan Adam shi ya kamata ya kama makarata, amma Mai Sama ba ya bin layin haihuwa. Waɗanda suka kwana biyu a Dakoro za su tuna shi da Sha'aibu Mai Siraj, mai wurin wankin mota a bayan tasha, gindin wani tsohon bedi. Samarin yanzu ba su san shi ba. Bedin an sare shi, an gina shagon sayar da salula a wurin, kuma direbobin da suka yi zamani da shi sun zama ƴan tsiraru: wasu sun bi shi, wasu ido ya gaza sun koma gida. Ni kaina na daɗe da ajiye allin koyarwa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da shi tun ƙwaƙwalwa ba ta fara yi mini gardama ba.

Gidanmu gidan noma ne, hatsi da gujiya. Ni aka bari a lakwal, wato makarantar boko, shi kuwa aji bai riƙe shi ba. Yana saurayi ya bi wani dillalin motoci zuwa Lome, kuma a can, cikin manyan filayen da ake jibge tsofaffin motocin da jirgin ruwa ya sauke, ya koyi sana'ar da ya rayu a kanta. Ba wankin da muka sani ba ne na guga da tsumma. Mota takan iso da dauɗar wata ƙasa da warin mutumin da ba za a taɓa gani ba. Sai su kwance kujerunta, su fitar da shimfiɗun ƙasa su wanke su shanya, su bi kowane lungu da ɗan buroshi kamar mai sakace haƙori. Su wanke inji da gazuwal, wato man dizal. Mutum ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashinta da buroshin ƙarfe, ya kankare laka da tsatsa, ya shafe ƙarfen da baƙin mai. Sai an gama wannan duka ake ɗauko siraj, man nan da ake goga wa fenti ya yi ƙyalli. Sha'aibu yakan ce siraj turare ne, kuma mai hankali ba ya fesa turare bai yi wanka ba.

Da ƙarfin mahaifiyarmu ya fara ƙarewa sai ya dawo gida, da injin goge fenti cikin kwali, da gwangwanayen mai, da buri cike da ciki. Abin da bai auna ba shi ne Dakoro ba Lome ba ce. A nan ruwa ba abin wasa ba ne. Rijiyoyinmu sai igiya ta yi tsawo, kuma duk bidon ruwa, wato jarka, da mai kura ya turo masa saye yake yi. Cikakken aiki yana cin yini guda da ruwa mai yawa. To wa zai ajiye motarsa yini guda? Direban tasha fasinja na jiransa. Mai jigilar awaki yana ganin gobe ma awakin za su sake ɓata ta. Direban poroje, wato ƙungiyar raya karkara, da ya dawo daga Azagor abin da yake so kawai patoro, maigidansa ke nan, ya leƙo ta taga ya ga mota tana sheƙi. Masu biki kuwa so suke a kai amarya cikin abin da zai ɗauki ido. Bakinsu duka ɗaya ne: a watsa mata ruwa, a goga mata siraj, sauri muke yi.

Shekarunsa na farko da faɗa ya yi su. Mutum ya kawo mota, Sha'aibu ya tsare shi da bayanin yadda fitsarin dabba ke cin ƙarfe da yadda yashi ke taruwa inda ido ba ya kai, har mai motar ya ga kamar ana zaginsa da ƙazanta, ya ja abarsa ya tafi. Wata rana ya dawo gida yana ta huci, Inna tana tsince wake a faifai, ta bari ya gama sannan ta ce, "Kai wanki aka kawo maka ko wa'azi? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Ka faɗi abin da ka gani, ka yi abin da aka sa ka."

Maganar ta zauna masa, kuma daga nan ya samo hanyar da ya bi shekaru masu yawa. In an kawo mota sai ya gaida mai ita, ya kewaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya sa hannu ya shafo. Abin da ya fito a tafinsa shi zai nuna. Ba ya ƙari, ba ya tsoratarwa. Na sha ganin haka, domin lokacin hutun makaranta gindin bedin nan nake yini, muna shan shayi. Zai ce, "Patoro, ga abin da ke ƙasa. In ka ba ni ita zuwa la'asar in fitar da shi." In mai motar ya ce a'a, sama kawai, sai ya ce, "To, motarka ce," ya kakkaɓe hannu ya ɗauki guga. Kuma wankin saman nan ba ya yi masa riƙon sakainar kashi don an ƙi babban aikin. Yakan wanke, ya tsane da fata mai laushi, ya jira ƙarfe ya huce a inuwa kafin ya sa siraj, domin a cewarsa mai a kan ƙarfe mai zafi zane yake bari. Ba ya murtuke fuska, ba ya yi wa mutum habaici in ya juya baya. Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya cin ransa. Ya ce, "Yaya, yana ci. Amma wanda na wanke wa sama yau da daɗin rai, wata rana shi zai ba ni ƙasa."

Wasu kuwa sun ba shi. Akwai tsohon direban motar ɗaukar marasa lafiya da yakan kawo ta duk ƙarshen damana ya ce a yi mata komai da komai. Irin wannan rana Sha'aibu ba ya jin yunwa. Za ka same shi kwance cikin caɓi, ƙafafu kaɗai ake gani, yana ƴar waƙarsa. Amma irin ranakun nan ba su da yawa. Injin gogen da ya ɗauko tun daga bakin teku ya fi daɗewa cikin kwalinsa. Da wankin sama ya yi aure, ya auri Hadiza, da shi ya ciyar da yaransa, da shi muka haɗa hannu muka rufe Inna. Ba ya cikin masu kuɗi, amma ba a taɓa jin tukunyar gidansa ta kwana ba wuta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo garin nan yau. Wuraren wankin mota, labaj kamar yadda muke cewa, sun cika bakin hanya. Kowanne da injinsa mai feshin ruwa da ƙarfi, kafin ka gama gaisawa an gama da motarka. Ba mai durƙusawa. Cinikin mota kuma ya koma cikin salula: a wanke ta, a goge ta, a ɗauki hotonta da hantsi lokacin da rana ke faɗa mata daidai, a tura wa mutumin da ke wani gari, ya yi ciniki bai taɓa ƙarfenta ba. Motoci sun ƙara tsada, sun ƙara tsufa kafin su iso mana, saboda haka kwalliya ta ƙara daraja. A zamanin Sha'aibu mai saye yakan zo da ƙafarsa, ko da bai san inda zai duba ba. Ina jin da ya ga na yau, wata mota zai tuna, wadda zan zo kanta yanzu.

Wata rana cikin hutun damana wani Alhaji ya kawo bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, fara. Ba zan ambaci sunansa ba, domin yana raye kuma ba shari'a na zo yi ba. Motar ta yi shekaru tana jigilar kanwa da gishiri daga arewa, ta dawo da dabbobi. Ina zaune a wurin. Sha'aibu ya durƙusa kamar kullum, amma wannan karon ya daɗe, har ya kwanta ya shige ƙarƙashinta gaba ɗaya. Da ya fito tafinsa cike yake da ɓarɓashin tsatsa kamar ƙanzon tukunya.

Ya ce, "Alhaji, kanwa ta cinye shasin nan. Ƙarfen da ke riƙe da baya saura ƙiris, da yatsa nake ɓantarar shi. Wannan ma ya wuce aikina, na mai walda ne."

Alhaji ya dubi agogonsa ya ce, "Wurin makaniki na zo ko wurin mai wanki? Wanke mini sama ka sa mata siraj sosai. Gobe tana da baƙo."

Duk wanda ya zauna kusa da tasha ya san ma'anar mota ta yi baƙo: mai saye zai zo. Sha'aibu ya dubi tsatsar da ke hannunsa. Sannan ya zubar, ya ce, "To, Alhaji, motarka ce," kamar yadda ya saba faɗa wa kowa. Ya wanke ta, ya kankare bayanta, ya goge fentin har farin ya dawo sabo, ya baƙanta tayoyi. Ba ya iya aikin ha'inci, kuma wannan ne abin da ya zame masa ciwo daga baya. Da motar ta fita daga gindin bedi mutanen tasha har juyowa suke suna kallonta.

Wanda ya saye ta wani manomi ne daga ƙauyen Mai Yara, Malam Idi. Yana da ɗa, Sale, wanda ya koyi tuƙi kuma ya ƙudura sai ya tafi Libiya neman kuɗi kamar sa'o'insa. Tsohon ba ya son rabuwa da shi. Sai ya sayar da shanun nomansa da gujiyar da ya ajiye, ya saya masa motar don ya zauna gida yana jigilar mutane da hatsi zuwa kasuwa. Duk wannan daga baya muka ji shi.

Bayan an gama girbi, wata safiyar kasuwa, bashen ta taso daga Mai Yara da buhunan hatsi, mutane na zaune a kansu kamar yadda ake yi. A wani gangare mai rairayi ƙarfen baya ya tsinke, motar ta karkace ta kife. Sale ya rasu nan take, da wata mata da ke kan kaya. Da dama sun karye. Aka jawo gawar motar zuwa Dakoro aka ajiye ta kusa da ofishin jandarma. Sha'aibu ya ji labari ya tafi ya gani, ni ma na bi shi. Bayanta ya rabe, gilashi ya tarwatse, amma ƙofar direba ba abin da ya same ta, kuma in ka share ƙasar da ke kanta da hannu har lokacin tana ƙyalli. Ya share, ya tsaya yana kallo.

Mutane sun yi ta ba shi baki. Direbobi suka ce lodi ne ya yi yawa, kuma gaskiya ne lodin ya yi yawa. Wasu suka ce Sale sabon hannu ne. Limamin unguwarmu ya ce masa ba shi ya sayar ba, ba shi ya tuƙa ba, kuma ya faɗi abin da ya gani, saboda haka ba shi da alhaki. Kwana ne ya ƙare. Ni ma abin da na gaya masa ke nan, kuma har yau ban ga ƙarya a ciki ba. Ya saurari kowa. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Na san ba ni na karya ta ba, Yaya. Amma ni na yi mata kwalliya."

Bayan an yi sadakar arba'in sai ya zo gidana da hantsi ya ce in kai shi Mai Yara a kan babur ɗina. Na so in hana shi. Na ce zai tayar wa tsoho da miki ne kawai, kuma bakin da ya san abin da zai faɗa bai san abin da za a mayar masa ba. Ya ce in ban kai shi ba zai hau motar kasuwa. Muka tafi.

Mun sami Malam Idi a ƙofar gidansa yana tufkar igiya, dogon tsoho, ramamme. Turken shanun na gefe, ba komai a kai sai busasshiyar kashi. Muka yi gaisuwa, muka yi ta'aziyya, aka kawo mana ruwa. Sannan Sha'aibu ya gyara zama ya ce, "Baba, ni ne mai wankin mota na bayan tasha. Motar da ka saya, ni na wanke ta na goge ta ana gobe za ku zo. Na ga ƙarƙashinta. Na san ta ruɓe."

Tsohon bai daina tufka ba sai da ya kai ƙarshen zaren da ke hannunsa. Ya ce, "Ka gaya wa mai ita?"

"Na gaya masa."

"Ya ce mi?"

"Ya ce in wanke sama."

Malam Idi ya ajiye igiyar a cinya. Ya ce, "Ranar da muka je ganinta, Sale ya hango fuskarsa cikin ƙofa ya yi dariya, ya ce Baba dubi, kamar madubi. Ni ban san mota ba, ɗana. Shanu na sani. In zan sayi sa, bakinsa nake buɗewa in duba haƙora. Mota ban san inda bakinta yake ba."

Hawaye suka zubo wa Sha'aibu, ya ce a yafe masa. Tsohon ya dubi turken nan. Ya ce, "Ba ni da abin da zan riƙe ka da shi, kai da ka taka ka zo. Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma kada ka sa in ce maka ba komai, don akwai komai." Ya sa aka dama mana fura, ya rako mu har bakin hanya.

Daga wannan mako ya canza dokar wurinsa. Wanki zai yi wa kowa, sama ko ƙasa, yadda mutum ya so. Amma siraj ba zai sa wa motar da bai wanke ƙarƙashinta ya duba ba, kuma in ya tarar ƙarfen ya ruɓe, ko me za a ba shi ba zai goge ta ba. Bai koma faɗan ƙuruciya ba. Da murya ƙasa-ƙasa yake faɗa: "Patoro, zan wanke maka ita tas. Mai dai ba zan sa ba sai na ga ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Wasu su yi dariya su ɗauka wasa ne. Da suka ga da gaske yake sai suka fara janyewa. Mai gaskiya ma da ba shi da niyyar sayar da motarsa ba ya son a tsare shi yini guda a kan abin da bai nema ba, balle wanda ke da abin ɓoyewa. A daidai lokacin kuma wasu suka buɗe sabon labaj a bakin kwalta, ba tambaya, ba durƙuso. Ƴan tasha suka laƙaba masa suna Bizit, wato gwajin lafiyar mota da hukuma ke yi. In ya wuce sai ka ji ana cewa, ɓoye motarka ga Bizit nan.

Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce duk motar da ya ƙi gogewa gaba kaɗan za ta je a goge ta, mai saye kuma zai saya, to wa ya tsira? Na ce yana da iyali, kuma yara ba sa cin tsarkin zuciya. Bai musa ba. Ya ce, "Duk abin da ka faɗa haka ne. Su goge. Ni dai hannuna ya ƙi." Ban san yadda ake gardama da mutumin da ya yarda da hujjarka duka kuma bai motsa ba.

Haka wurin ya yi ta bushewa. Ya koma wankin babura da dardumomin masallaci. Injin gogen ya sayar wa wani daga Maraɗi. Da damana yakan rufe ya tafi gonar gado, wadda ƙasarta ta riga ta gaji. Sai tari ya kama shi. Shekarun da ya yi kwance cikin ruwa yana shaƙar gazuwal ba su tafi a banza ba. Tun yana cewa sanyi ne har ya kasa ɗaukar guga. Muka kai shi likita a nan, aka tura mu Maraɗi, aka riƙe shi kwanaki, sannan aka ce mu koma gida da shi, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da wannan ke nufi. Ya rasu ranar wata Laraba da azahar, hadari na haɗuwa a gabas. Bai kai shekara hamsin ba.

Jana'izarsa ta yi jama'a. Direbobin da suka yi masa laƙabi su suka yi ta karɓe-karɓen makara. Alhajin mai bashe ma ya zo, ya zauna a tabarma ya yi addu'a, ya aiko da buhun shinkafa. Ban san abin da ke zuciyarsa ba, kuma ba zan yi masa ƙarya in ce na sani ba. Wataƙila shi ma yana da abin da ke hana shi sakewa. Abin da ido ke gani dai shi ne harkarsa ta ci gaba, motocinsa sun ƙaru. Malam Idi kuwa ya riga Sha'aibu da kamar shekara guda. Duniya ba ta raba kaya bisa yadda mu muke ganin ya dace, kuma wanda ya daɗe a cikinta ya daina mamaki, sai dai bai daina jin zafi ba.

To me ya saura? Na juya tambayar nan shekara tara. Bai bar gini ba, bai bar wanda ya gaji sana'arsa ba. Babban ɗansa kabu-kabu yake yi da babur, kuma ya ce ko mafarki ba ya son ya ga kansa da guga. Aikin mai wankin mota dama ba ya kwana; duk ƙyallin da ya bari a duniya hanyar farko ta shafe shi. Ba zan iya nuna muku mutum ɗaya in ce wannan yana raye ne saboda Sha'aibu ya ƙi goge wata mota ba. Mai yiwuwa akwai, mai yiwuwa babu. Bashe masu ruɓaɓɓen ƙarfe har gobe suna fita daga garin nan da mutane a kan buhuna, suna sheƙi.

Kafin in zauna rubutun nan na je wurin Hadiza in nemi izninta. Tun rasuwarsa ƙuli-ƙuli da man gujiya take yi, da su ta raini yaran. Na same ta tana murza tunkuza, hannunta duk mai. Na gaya mata abin da nake son yi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, in za ka rubuta, kada ka mayar da shi waliyyi. Ka rubuta mun sha wuya. Gaskiyarsa tasa ce, amma mu muka ci tuwonta ba miya. Akwai sallar da ban ɗinka wa yaran nan ko ɗankwali ba, kuma na yi fushi da shi, fushi na gaske. Har ya koma ga Allah ban gama hucewa ba."

Na ce zan rubuta haka. Na miƙe zan tafi sai ta ce in tsaya. Ta goge hannu a zane.

Ta ce, "Ka ƙara da wannan. Tun daga ranar da motar nan ta kife, in na ajiye masa akushi, yadda na ajiye haka nake ɗauka. Ya rame kamar kara, ku ba ku lura ba don riga na rufe shi. Ranar da ya fara korar mota bai goge ta ba, ya dawo ba ko sisi a aljihu, ya ce Hadiza akwai tuwo? Ya cinye har ya suɗe hannu. Daga nan tuwon ya yi ta raguwa, amma bai sake barin nasa ba."

Na yi shekaru ina koya wa yara cewa kowace tambaya tana da amsa guda, amma ta ƙanena ban samo mata ba. Ban sani ba ko ya yi daidai da ya sa iyalinsa suka ɗauki nauyin abin da ba su aikata ba. Abin da na sani shi ne akwai mutumin da aka yi a Dakoro wanda kowa ya wanke shi, malami da direba da ɗan'uwa, shi kuwa ya ƙi karɓar wankin sama. Ya biya abin da hakan ya ci, matarsa da yaransa ma sun biya, kuma ba wanda ya tambaye su.

Allah ya sanyaya makwancin Sha'aibu, da na Sale, da na Malam Idi, da na baiwar Allah da ta hau motar kasuwa ba ta sauka ba, wadda har yau ban san sunanta ba. Hadiza kuwa, Allah ya huce mata zuciya, ya sa yaran su share mata hawaye.